Mahayin Babur da Ciwon Baya

Ko da yake an hana acaɓa cikin birnin Kano tun 2013, a ƙasar Gwarzo da Kabo, daga Getso har Garo, babur ne abin hawan talaka. Amma wanda ya lura da matashin da ya ɗora buhu bisa tanki, ya ja baya, ya sandare hannuwa yana ranƙwafe, alhali kowane rami yana bugun ƙugunsa, haƙiƙa ya san illar da ke jiran matashin. Tun da jiki amana ne, wajibi ne bakanike ya sassauta notin kan babur, ya karkato shi wajen mahayi har gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, baya ya miƙe. Shokozoba kuwa, in ta mutu, a canza ta.