Idan Ƙwaƙwalwar Hita Ba Ta Jin Yaren Mota

 

An nemi in ɗan yi bayani a kan sana'ata, wato gyaran wutar mota. Sai na zaɓi wata 'yar na'ura wadda da yawanku kuna yawo da ita ba ku sani ba, musamman masu motocin gas da aka shigo da su daga Turai, waɗanda muke kira Beljiyam.

Injin gas ba ya saurin ɗaukar zafi kamar na fetur. To, a ƙasashen ƙanƙara sai direba ya yi tafiya mai nisa cikin mota ba ta ɗumama ba. Saboda haka aka ƙara wa irin waɗannan motoci ƙaramar hita ta taimako. Wata tana ƙona gas ɗin tanki ta ɗumama ruwan inji, kamar waɗanda kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, suke ƙerawa, wata kuma da lantarki take aiki. Za ku same ta a motoci irin su Touareg da Range Rover na gas. Kuma tana da ƙwaƙwalwarta ta kanta.

Ai motar yanzu ƙwaƙwale ne cike da ita: ta inji, ta giya, ta birki, ta iyakwandishan. Duk suna magana da juna ta wasu tagwayen wayoyi da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Kowace ƙwaƙwalwa tana ɗauke da manhajarta, wato umarnin da aka rubuta mata. Idan manhajar hita ba ta dace da wadda sauran suke tsammani ba, sai mota ta ajiye lambar matsala U0325.

Ina so ku riƙe wannan lamba, domin tana da 'yar'uwa, U0166, kuma ruɗa su ke jawo asara. U0166 tana nufin hita ta yi shiru ɗungurungum, an kira ba ta amsa ba. Nan sai a nemi fiyus, ko waya da ta tsinke, ko soket da ruwa ya shiga. Amma U0325 cewa take hita tana nan da ranta, tana magana, sai dai ba a gane abin da take faɗi. Kamar a yi wa mutum tambaya da Hausa ya ba da amsa da Faransanci. Wanda ya ga wannan lamba ya aiko ka kasuwa sayen wata hita kafin ya yi bincike, kuɗinka kawai zai ƙona.

Me ke kawo ta? Mafi yawa kayan gyara ne na hannu. Mutum ya je Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya ga ƙwaƙwalwa mai kama da tasa sak, soket ma ya shiga, amma daga motar wata shekara aka ciro ta. Wani lokaci kuma an sabunta manhajar wata ƙwaƙwalwa ne aka bar ta hita a baya. Ko kuwa ana cikin ɗora manhaja wuta ta yanke.

Ni da batir nake farawa. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, mai rauni kuwa yakan sa ƙwaƙwale su yi ta zuba lambobin ƙarya. Daga nan sai in jona kwamfuta a soket mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, in karanta ƙwaƙwale duka, in rubuta lambobin kafin in goge, in ga wadda za ta dawo. In ina shakkar wayoyi, sai in cire kan batir in auna tsakanin rami na 6 da na 14. A yawancin motoci om 60 ake samu, domin akwai mai om 120 a kowane ƙarshen layin. Malamanmu na Fiziks, Allah ya saka da alheri, lissafin nan da muke gyangyaɗi a kansa bayan tara, yau shi ke ciyar da ni.

Sannan babban aikin: a karanta lambar kaya da lambar manhaja daga cikin ƙwaƙwalwar hita, a gwada da abin da kamfani ya tanada wa lambar shasin motar. In kayan daidai ne manhaja ce ta saɓa, sai a ɗora wadda ta dace, a kuma sanar da mota abin da aka sa mata. In lambar kayan ce ba daidai ba, galibi ɗora manhaja ba ya fisshe ka, sai a mayar wa mai shago. Kada a soma ɗora manhaja sai an jona batir da na'urar da ke riƙe ƙarfin wuta, kuma kada a dogara da wutar da har gobe muke kira ta NEPA. In ta ɗauke a tsakiya, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da zafi, ina ruwanmu da hita? Gaskiya ne, in ba a Jos ko Mambila cikin hunturu ba, da wuya ta ga sanyin da zai tashe ta. Ana iya cire ta, amma ba a zare soket kawai a tafi, don U0166 za ta biyo baya. Sai an toshe bututun gas da kyau, an haɗe tiyon ruwa, an kuma shiga da kwamfuta an share sunanta daga jerin kayan motar.

Mai tambaya ya same ni bayan an ci abinci.