Jawabin Tunawa da Yarjejeniyar Greentree: Gadon da Ta Bar wa Mazauna Bakin Iyaka



Mun taru domin mu tuna da ranar 12 ga Yuni, 2006. A ranar ce Shugaba Olusegun Obasanjo na Nijeriya da Shugaba Paul Biya na Kamaru suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree, a jihar New York ta Amurka, a gaban Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Wakilan Amurka, Birtaniya, Faransa da Jamus su ne shaidu.

Bari mu tuna mafarin maganar. Iyakar ƙasashen biyu ta kai wajen kilomita 2,000, daga Tafkin Chadi har teku. Turawan mulkin mallaka ne suka shata ta, ba su kuwa tambayi kakanninmu ba. Shi ya sa za ka tarar da dangi ɗaya, wa a wannan ƙetare, ƙane a wancan. Tsibirin Bakassi, mai arzikin kifi, wanda ake kuma kwaɗayin man fetur ɗin ruwansa, shi ya fi jawo rigima. Sojoji sun yi arangama a shekarun 1990, an yi asarar rayuka. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta ba Kamaru Bakassi, bisa wata yarjejeniya da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913.

Hukuncin ya yi wa 'yan Nijeriya da yawa zafi, har wasu suka ce a ƙi shi. Amma shugabannin suka zaɓi zama a teburi. Aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta shata iyaka. A Disamba 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30 na yankin Tafkin Chadi, har da Darak. Bayan Greentree sojojinmu suka janye a Agusta 2006, aka kuma kammala miƙa Bakassi a Kalaba ranar 14 ga Agusta, 2008.

Abin da ya fi shafarmu, 'yan'uwa, shi ne alkawarin da aka yi wa talakawa. Kamaru ta ɗauki alkawari ba za ta tilasta wa 'yan Nijeriya mazauna Bakassi su tashi ko su canja ƙasa ba. Za ta girmama harshensu, al'adunsu da addininsu, ta bar su su ci gaba da noma da su, ta kuma kare dukiyarsu da gonakinsu. Gaskiya ɗaya ce: ba dukan alkawuran ne suka kai ga mai kwalekwale ba. Dubban mutane sun bar gidajensu suka koma jihar Kuros Riba, inda da yawansu suka yi shekaru suna jiran matsuguni na dindindin. Wasu kuma suka rasa takardar shaidar ko wace ƙasa.

Duk da haka, ku dubi amfanin sulhun. Lokacin da Boko Haram ta mamaye Gwoza da Mubi a 2014, ina 'yan'uwanmu suka nufa? Da yawa sun haura duwatsu suka shiga Kamaru, wasu suka sami mafaka a sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. Daga 2017 kuma, da rikici ya ɓarke a yankin masu magana da Turanci na Kamaru, mutanensu suka gudo Taraba, Binuwai da Kuros Riba. Da a ce ƙasashen biyu na gaba da juna, wa zai buɗe wa wani ƙofa? Hausawa sun yi gaskiya da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku. Na ɗaya, dattawa su tabbata kowane yaro a ikilisiyoyinmu na bakin iyaka yana da takardar haihuwa, domin marar takarda shi ake fara kora. Na biyu, in ginshiƙin iyaka ya ratsa gonar wani, kada a taɓa ginshiƙin, kada kuma a ɗauki makami. A kai maganar gaban mai unguwa da dagaci, a zauna da maƙwabta, Kirista ne ko Musulmi. Na uku, mu ware wani abu daga baikonmu domin baƙin da suka ƙetaro, gama jiya mu ne muke ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Shugabanni sun sa hannu a takarda, amma riƙon alkawarin yana hannun waɗanda suke cin kasuwa ɗaya, suna ɗiban ruwa a rafi ɗaya. Mu gaya wa 'ya'yanmu wannan tarihi, domin kada wani ya zo gobe ya zuga su a kan maƙwabtansu.

Ubangiji ya ba ƙasashenmu salama.