Baƙon da Muke da Shi da Wanda Muke Jira

Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malaman Jami'ar Faraku, 'yan uwana masu masaukin baƙi: Lokaci kaɗan ne, bari mu shiga magana.

Kowa a nan ya san tun 2016 gwamnatin Patrice Talon ta sa yawon buɗe ido a sahun gaba a ƙasarmu Benin. An dawo da kayan tarihin Abomey guda 26 daga Faransa a 2021, ana ta gine-gine a Wida, an ɗauke wa 'yan Afirka biza. Ban zo yin ja da wannan ba. Jayayyata da ƙungiyoyinmu ce, na masu otal da kamfanonin tafiye-tafiye, waɗanda ke zama da ministoci a Kwatano da sunanmu duka. In sun kai koke, baƙo ɗaya ne a ransu: Baturen da zai sauka Kwatano, ya kwana bakin teku, in ya yi nisa ya haura Penjari kallon giwaye. Tun watan Mayun 2019, da aka sace Faransawa biyu a Penjari aka kashe ɗan rakiyarsu Fiacre Gbédji, wannan baƙon ya ja baya daga arewa. Amma har yau shi ake jira, dominsa ake tsara doka.

To, mu nan saukar baƙi ba a hannun Bature muka koya ba. Na sha faɗa, zan sake faɗa. Shekaru aru-aru fataken Kano da Katsina, daga baya da na Sakkwato, suna ƙetare Kwara su ratsa Borgu, su bi ta Nikki da Faraku da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja. Su tafi da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su dawo da goro a kan jakuna. Madugu ba ya sauke ayari inda ya ga dama. Akwai zango, a zangon akwai fatoma, shi ke ba da ɗaki, ya adana kaya, ya nemo dillali, ya yi tafinta, ya tsaya wa baƙonsa in bashi ya shiga tsakani, sannan ya karɓi la'adarsa. Sarkin gari ya karɓi fito, shi kuma ya tsare hanya. Ku duba da kyau, duk abin da ake kira manufar yawon buɗe ido a yau yana cikin wannan tsari: masauki, tsaro, haraji sananne, da wanda za a riƙe in baƙo ya cutu. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1980. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da iyakokin Turawa suka karya hanyar, amma unguwannin Zango na Faraku da Jugu suna nan, jikokin fatomomin suna nan, wasunsu a cikin wannan zaure.

Baƙon ma bai daina zuwa ba, kamanni ya sake. Da layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Faraku, sai garin ya zama wurin juye kayan Nijar cikin manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Ku leƙa kowane ƙaramin masauki kusa da tasha bayan isha'i. Direba ne ya shigo da buta a hannu, tambayarsa uku: ina zan ajiye mota ba a taɓa ta ba, akwai ruwa, ina alƙibla? Ga Hajiya mai sarin atamfa da za ta sammaka kasuwar Arzeke. Ga dangin Baatonu daga Kaiama da Baruten ta Nijeriya, sun zo bikin Gani na Nikki. Su ne ke biyan albashin yaranmu. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da gadar Malanbil ta rufu, ɗakunanmu suka yi fayau, ban kuwa ji muryar ƙungiyoyinmu ta tashi yadda take tashi in jakadancin Turai ya gargaɗi mutanensa ba.

Za a ce ɗan kasuwa ba ya kashe kuɗi kamar Bature. Bature sau ɗaya yake zuwa a rayuwarsa, ɗan kasuwa duk wata. Za a kuma ce an yi aikin ginin fada da dandalin Gani a Nikki. Mun gani, mun gode, amma Gani kwanaki kaɗan ne a shekara.

Abin da nake so shugabanninmu su kai gaba bai sake ba. Filin jirgin saman nan na Turu kusa da Faraku, da aka faro tun zamanin Boni Yayi, a sa masa jigilar fasinja mai ranaku tsayayyu, wadda mai otal a Jugu zai iya dogara da ita ya yi wa baƙo alkawari. Tafiyar kilomita sama da 400 a mota daga Kwatano ita ce farkon abin da ke korar mai zuwa taro ko biki. Dokar ba otal-otal taurari kuma a buɗe mata aji na ƙananan masaukai, sharuɗɗansa su zama tsafta, ruwa, rajistar baƙi da tsaron mota, harajin kwanansa ya yi daidai da kuɗin ɗakin. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Mai ɗaki shida in an matsa masa da takardun mai ɗaki ɗari, ɓuya zai yi, gwamnati ta rasa haraji, jami'an tsaro su rasa rajistar da suka fi kowa buƙata a wannan lokaci. A kuma riƙa ƙirga baƙin Afirka ta Yamma a alƙaluman hukuma, tunda da alƙaluma ake raba kasafi.

Hanyar goro kuwa a tsaya a yi mata aiki: a tattara tarihin gidajen fatomomi daga bakin dattawan Jugu tun suna raye, a horar da matasan Zango masu jin Hausa da Dendi da Faransanci su zama 'yan rakiya masu lasisi, a haɗa ziyarar da ƙauyukan Taneka da ke kusa. Kafin babban taron ƙungiya na gaba, ina roƙon masu masaukin Borgu da Donga mu zauna mu fitar da wakilanmu, mu nemi kujera a duk tawagar da za ta shiga ofishin minista.