Man Cire Gashi da Lafiyar Fata

Yau batunmu man cire gashi ne.

Kun ga yadda majema ke jiƙa fatar akuya a ruwan toka har gashin ya saki? Haka man nan yake aiki, narkar da gashi yake yi. To, gashi da saman fatarmu tubalinsu ɗaya. Abin da ya ci gashi, in ya daɗe, zai ci fata.

Shi ya sa masu haɗa shi ke rage masa kaifi, su ƙara abin sanyaya fata. Rage kaifi fa na ce, kaifin yana nan.

Ku gwada a ɗan wuri, ku jira kwana guda. Kada ku wuce mintunan da ke jikin kwalin. Kada ya taɓa rauni ko ƙuraje.

Mu kwana nan. Allah ya ba mu lafiya.