Gajiyar Aiki da Zaman Aure



Idan zaman miji da mata ya yi tsami, mukan yi saurin neman mai laifi: kishiya, uwar miji, ko a ce an shiga tsakaninsu da sammu. Yau ina so mu duba wani mai laifin da ba a cika kai ƙararsa ba, wato gajiya da matsin rai da aiki ke jawowa.

Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar wa ma'aikatan masana'antu awa 8 a rana, 48 a mako. A 2021 ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. To, ku lissafa awannin ɗan kasuwar Kantin Kwari, ko direban adaidaita sahu, ko malamar jinya mai kwanan asibiti da za ta dawo gida ta ɗora tukunya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, da yawa sun ƙara da sana'a ta biyu.

Kafin wannan wahala ta kwantar da mutum, zamansa da iyali take fara taɓawa. Jikin da ya daɗe cikin fargaba yakan yawaita sakin sinadarin kotisol, barci ya lalace, haƙuri ya gajarce, sha'awa ta yi sanyi. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya lokacin sa-in-sa, da wuya mutum ya fahimci abin da ake gaya masa. Sai maigida ya yi gum, uwargida ta ce ya daina sonta. Ta yi ƙorafi, shi kuma ya ce raini ne. Kowa ya fassara gajiyar ɗan'uwansa da ƙiyayya, har a kai ga yaji ko takarda.

Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya tarar da Ummu Darda ba kwalliya, domin mijinta Abu Darda ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. Idan nafila ba ta zama uzuri ba, ina ga shago da ofis?

Saboda haka, wanda ya gaji ya buɗe baki ya ce ya gaji. A ɗage magana mai zafi har sai an ci, an huta. A raba aikin gida, a ajiye waya lokacin hira. Masu ɗaukar ma'aikata su ba da hutu, masu sulhu kuma su riƙa tambayar ma'aurata awa nawa suke barci kafin su yanke hukunci.