JAWABI KAN KACIYAR YARA MAZA DA ASUSUN INSHORAR LAFIYA

Gaisuwa da girmamawa ga sarakunan Hausawa na zango-zango, da malamai, da shugabannin ƙungiyoyin fatake da 'yan kasuwa, da iyaye maza da mata na Arewa waɗanda neman abinci ya kai su Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Ibadan, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal.

Bayan haka, wannan jawabi ya shafi wani al'amari ne wanda kusan babu gidan da ba ya shiga, amma ba safai akan tattauna shi a bainar jama'a ba saboda kunya, wato kaciyar 'ya'ya maza da kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyin kuɗinta. An zaɓi garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, don ya zama abin misali, domin gari ne da ke tsakanin Arewa da Kudu, inda Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Hausawa da Fulani da Tibi ke zaune tare, Musulmi da Kirista, kowa da lokacin da yake yi wa ɗansa kaciya. Fiye da maza 9 cikin 10 a Najeriya an yi musu kaciya, saboda haka babu gardama kan yin ta. Abin da ya rage shi ne a san yaushe za a yi, a hannun wa, kuma daga aljihun wa.

AL'ADA DA ADDINI

A ƙasar Hausa, bisa al'ada, ba a yi wa jariri kaciya. Akan bari sai yaro ya kai shekara 6 zuwa 9, a tara shi da sa'o'insa a lokacin hunturu, a kira wanzami ya yi musu shayi, sa'an nan a yi jinyarsu a ɗaki guda ana ba su kunu da gasasshiyar kaza har su warke. Wannan jinkiri yana da tushe a mazhabar Imamu Malik wadda akasarin Musulmin ƙasar nan ke bi, inda kaciya take sunna mai ƙarfi, aka karhanta yin ta ranar haihuwa ko ranar bakwai, aka fi so a yi ta lokacin da ake fara umurtar yaro da salla. Mazhabar Shafi'i kuwa ta wajabta ta, ta kuma so a yi ta ranar bakwai. Yarbawa da Ibo da sauran mutanen Kudu kan yi wa 'ya'yansu tun suna cikin tsumma, galibi a makonnin farko. Wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya san haka, domin ya ga maƙwabtansa.

Wannan bambanci da ake gani kamar ƙarami ne, shi ne ya zama babba a sha'anin inshora, kamar yadda bayani zai zo.

YADDA ASUSUN YAKE AIKI

Inshorar lafiya taimakekeniya ce. Jama'a da yawa su zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. An kafa shirin na ƙasa, NHIS, da dokar soja mai lamba 35 ta 1999, ya kuma fara aiki a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, inda ma'aikatan gwamnatin tarayya suka fi kowa cin moriyarsa. Rajistar ma'aikaci ɗaya takan ɗauki shi da matarsa guda da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma ta wannan asusu ne ake yi wa marasa ƙarfi da mata masu ciki da ƙananan yara rajista kyauta a ɗakunan shan magani na mazaɓu. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasa. Jihohi ma kowace ta kafa tata. Ta Nasarawa ita ce NASHIA mai hedkwata a Lafiya, ta Legas ita ke gudanar da shirin Ilera Eko, ta Oyo kuma ana kiranta OYSHIA.

Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyata yake fitowa kai tsaye, abin da ke nuna cewa doka ta yi gaba, jama'a suna baya.

Abin lura a nan shi ne, ƙa'idojin aikin shirin tarayya sun lissafa kaciyar jarirai maza cikin ƙananan ayyukan tiyata da ake yi a matakin farko. Ayyukan wannan mataki kuwa ba ɗaya-ɗaya ake biyan kuɗinsu ba. Kowane wata akan ƙidaya yawan mutanen da suka zaɓi asibiti, a tura masa kuɗi gwargwadon kawunansu, ko sun zo ko ba su zo ba. Ma'ana, magidancin da ke da kati, wanda aka haifa masa ɗa namiji, an riga an biya kuɗin kaciyar ɗansa tun kafin ya taka ƙofar asibiti. Idan ya je ya sake biya a wani wuri, ya biya sau biyu ke nan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kalmar da aka rubuta ita ce jarirai. Tsarin ya dace da al'adar wanda ke yin kaciya a makonnin farko, amma ɗan Arewa da ya jira sai yaro ya shekara 7 ya riga ya wuce wannan iyaka. Ana cirar kuɗi daga albashinsa daidai da na abokin aikinsa Bayarabe, amma ɗaya ya mori haƙƙinsa, ɗaya ya koma ga wanzami da kuɗin aljihunsa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Wani bincike da masana na makarantar nazarin lafiya ta Landan suka buga a 2010, bayan sun tattara rahotanni daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa matsala kan faru ga kimanin jarirai 1.5 cikin 100 da aka yi wa kaciya, amma ga yaran da suka wuce shekara ɗaya adadin ya kai 6 cikin 100, ko da ma'aikatan lafiya ne suka yi. Dalili kuwa a fili yake. Fatar jariri ba ta da kauri, jini ba ya zuba da yawa, ba a cika buƙatar ɗinki ba, kuma ciwon kan warke cikin mako guda ko kwana goma. Yaro babba yakan yi tsoro, yakan yi kokawa, jinyarsa kuma ta fi daɗewa.

Amma kada a ɗauka cewa ginin asibiti shi kaɗai ne kariya. A 2006 likitocin Ibadan sun buga sakamakon duba jarirai maza 370. Kashi 87 cikin 100 an riga an yi musu kaciya, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan ya sami wata matsala, yawanci an bar fata da yawa ko an yanke fiye da kima. Fiye da rabin kaciyar ma'aikatan jinya ne suka yi, masu yin ta gargajiya kashi 9 ne kawai. Darasin shi ne, ƙwarewar hannun da ya riƙe aska ita ce magana. Akwai wanzamin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni ya kuma iya ta, akwai mai farin kaya da bai taɓa samun horo a kanta ba. Abin da asibiti nagari ya fi wanzami da shi shi ne allurar kashe zafi, da kayan aikin da aka dafa aka tsabtace, da hanyar tsayar da jini idan ya ƙi tsayawa. Aska ɗaya a kan yara goma tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, kuma toka ko wani garin magani da ake barbaɗawa a kan ciwo na iya jawo sarƙewar haƙora.

Akwai kuma jariran da bai kamata a taɓa su ba sai likita ya duba: bakwaini, da mai shawara, da wanda a danginsu akwai masu ciwon da jini ba ya daskarewa, da wanda ƙofar fitsarinsa ta fito ta ƙasa maimakon ta kan gaba, domin da wannan fatar ce ake yi masa gyara daga baya.

DARASI DAGA ƘASASHEN WAJE

Wannan muhawara ba a Najeriya aka fara ta ba. A Ingila, bayan an kafa tsarin lafiya na gwamnati a 1948, wani likitan yara mai suna Douglas Gairdner ya rubuta maƙala a 1949 yana cewa babu dalilin lafiya na yi wa kowane jariri kaciya, daga nan al'adar ta ja baya ƙwarai, kuma asibitocin gwamnati a yawancin yankunan Ingila ba sa yin ta don addini ko al'ada. Waɗanda abin ya fi shafa su ne baƙi. A 2010 wani jariri ɗan mako 4, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya rasu a Oldham kusa da Manchesta saboda zubar jini bayan an yi masa kaciya a gida, kuma a 2012 kotu ta sami wadda ta yi aikin da laifin kisa ba da gangan ba. A Amurka, Jihar Kalifoniya ta daina biyan kuɗin kaciya daga asusun marasa ƙarfi tun 1982, wasu jihohi suka bi sahunta, alhali a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta bayyana cewa amfanin kaciyar jarirai ya rinjayi haɗarinta, kuma ya dace inshora ta biya wa iyayen da suka zaɓe ta. A 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kaciya a matsayin hanyar rage kamuwar maza da ƙanjamau, bayan gwaje-gwaje uku a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda sun nuna raguwar kusan kashi 60 cikin 100.

Masu adawa da biyan kuɗin daga asusun jama'a suna da hujjarsu, wato asusun ƙarami ne, zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da ciwon sukari sun fi gaggawa, kuma jariri lafiyayye ba majiyyaci ba ne. Hujja ce mai nauyi a ƙasar da mutane kaɗan ke yin kaciya. Amma a inda kusan kowa zai yi ta ko an biya ko ba a biya ba, janye kuɗi ba ya hana ta, sai dai ya tura ta lungu. Kuma yaron da aka ɓata, a ƙarshe asibitin gwamnati za a kai shi, ko wanda ke Lafiya ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, inda kuɗin gyara ya ninka kuɗin yin aikin daidai tun farko.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN MAZAUNA KUDU

Akwai wata matsala ta musamman ga ɗan Arewa mazaunin Kudu. Al'ada ce mace, musamman a haihuwar fari, ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu, ta yi wankan jego, ta kwana arba'in ko fiye. Magidancin da ya yi rajista a Legas ya sani cewa katinsa na jihar yana ɗaure ne da asibitin da ya zaɓa a can, ba zai bi matarsa zuwa Lafiya ko Doma ko Awe ba. Saboda haka duk wanda iyalinsa za su haihu a gida, ya kamata tun ciki yana ƙarami ya aika a yi mata rajista a hukumar jiharsu, ko ya shiga shirin tarayya na GIFSHIP wanda aka buɗe don masu zaman kansu, ya zaɓi asibiti kusa da inda za ta zauna. Akwai lokacin jira tsakanin rajista da fara aikin kati, don haka ba a bari sai naƙuda ta taso.

Kowace hukuma tana da rubutaccen jerin ayyukan da take biya. Haƙƙin mai kati ne ya nemi a nuna masa, ya tambaya ko kaciya na ciki, kuma har zuwa wane wata ko shekara. Matambayi ba ya ɓata. Bayan haihuwa a gaggauta sa sunan jariri a kan katin, domin kariyar da yake samu ta hannun uwarsa ta 'yan makonni ce. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da yin kaciya da wuri ba saboda addini, ya je ga malaminsa ya tambaya, domin karhancin da Malikawa suka ambata na ranar haihuwa ne da ranar bakwai.

Ga hukumomi kuwa, NASHIA da takwarorinta na Arewa su ne suka fi sanin jama'arsu, don haka ya dace jerin ayyukansu ya ɗauki kaciyar yaro har zuwa shekarun da al'ada ke yin ta, a shirya ranaku na musamman a ɗakunan shan magani lokacin hutun makaranta na hunturu. Ya dace kuma a jawo sarakunan aska a jiki, a horar da wanzamai kan tsabta da gane yaron da ya kamata a tura asibiti, domin a ƙauyuka da yawa su ne na kusa.

Daga ƙarshe, duk wannan bayani kan 'ya'ya maza ne kaɗai. Kaciyar mata ba ta da wani amfani ga lafiya, kuma dokar tarayya ta 2015 ta haramta ta.

Allah ya raya zuriya, ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ya ɗora musu.