Mai Ɗauke wa Jama'a Kaya, Wa Ke Sauke Masa?



Malamai, iyaye, ƴan uwana matasa maza da mata.

A cikinku akwai malaman asibiti da ungozomomi, akwai masu koyarwa a lakkwal da islamiyya, akwai ƴan agaji, akwai masu bi gida-gida suna auna damtsen yara don gano tamowa. Wasunku suna kan karatun waɗannan ayyuka a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Abu ɗaya ya haɗa ku: mutum yana zuwa muku da damuwarsa, ya aje ta gabanku, ya tafi. Tambayata ita ce, ku kuma wa kuke aje wa taku?

Ku duba ma'aikaciyar asibitin ƙauye a ƙarshen damina. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa sukan haɗu a kan yara, layi ya kai bakin ƙofa. A ce an kawo mata yaro a makare, ya cika a hannunta. Ta yi wa uwar ta'aziyya, ta wanke hannu, ta ce na gaba ya shigo. Da dare ba ta iya faɗa wa mijinta, don sirrin mutane ne. Ba ta iya faɗa wa shugabanta, don tana tsoron a ce ta kasa. To ina abin ya tafi? Yana nan cikin ƙirjinta, gobe wani ya hau kansa.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu kan ƴan sa-kai na wani asibitin kyauta a New York, yadda suke farawa da zafi su ƙare kamar itacen da ya zama toka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da aiki ke haifarwa, ta ba ta alamomi 3: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin, kuma aikin ya daina yin kyau. Kun ga ma'aikacin da ke daka wa marar lafiya tsawa, sau da yawa ba haka ya fara ba.

Ɗaya daga cikin magungunan abin shi ne zaman abokan aiki. A shekarun 1950, a Landan, Michael Balint, likita ɗan asalin Hungari, da matarsa Enid suka riƙa tara likitoci su tattauna marasa lafiyar da suka tsaya musu a rai. Har yau ana irin wannan zama a ƙasashe da dama da sunansa. Nasu yana da jagora ƙwararre. Akwai kuma wanda tsara ke yi tsakaninsu ba tare da babba ba, shi nake son mu ɗauka. Malaman lakkwal namu sun san wani abu mai kama da shi a zaman CAPED, sai dai can darasi ake gyarawa, nan kuwa har da mai ba da darasin ake dubawa.

Wani zai ce, ai muna da fada, kullum muna shan shayi muna hira. Fada tana da daɗi, amma kowa na shiga, kowa na fita, kuma maganar da aka yi a shayin farko kafin na uku ta kai unguwa. Wannan zama yana da ƙofa, yana da ƙa'ida.

Ga yadda ake yi. Mutum 5 zuwa 8, masu aiki iri ɗaya ko makusanci, ba mai iko da albashin wani a ciki. A sa rana tsayayya, ko da sau ɗaya a wata, awa ɗaya da rabi, a ɗakin da ba a leƙowa, wayoyi a kashe. Kowane zama a zaɓi mai riƙe lokaci, kuma a riƙa juyawa. Mutum ɗaya ya kawo abin da ya dame shi cikin minti 10, ya faɗi abin da yake nema daga ƴan uwa. Sai a yi masa tambayoyi na neman fahimta kawai, ban da wa'azi. Daga nan ya ja baya ya yi shiru, sauran su tattauna yana saurare: me wannan uwa take ji? Me ya sa wannan ɗalibi ke ba malaminsa haushi haka? Wannan shirun shi ne gishirin zaman, don mai kare kansa ba ya jin magana. A ƙarshe ya dawo ya faɗi abin da ya ɗauka da abin da zai gwada. Zama na gaba a fara da tambayarsa yadda ta kaya.

Sharaɗi mafi girma shi ne amana. Ba a faɗin suna, ko unguwa, ko ɗiyar wane ce. A garuruwanmu kowa ya san kowa. In ka ce matar mai shagon bakin tasha, ka riga ka faɗi suna. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, ba ya hawa WhatsApp. In aka saki wannan, zaman ya koma giba, kuma ranar da labarin wata ya fita, ita da maƙwabtanta sun bar zuwa awon ciki ke nan.

Zaman kuma yana da iyaka. In ana cutar da yaro, ko wani yana maganar kashe kansa, ko an yi kuskuren magani da zai iya taɓa rai, ba a jiran ƙarshen wata. A kai ga shugaba da hukumar da ta dace a ranar. In ɗan uwa ya daina barci, ya daina cin abinci, ya fara neman ƙwaya don ya iya aiki, ku raka shi wajen likita. Ku abokansa ne, ba ku ne masu yi masa magani ba.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiya kaɗan ne: ɗaki, tabarma, da kuɗin shayi. Ku kuma matasa, kafin ku watse yau, kowa ya nemi abokan sana'arsa 4 ko 5, ƴan uwa mata su ma su haɗa nasu, ku tsai da ranar farko. Ku gwada wata 6 kafin ku yanke hukunci, don zaman farko kunya takan yi yawa.

Allah ya ba ku lada a kan hidimar jama'a, ya ƙara muku lafiya da haƙuri.